Irin Ciyawar Kiwo Mai Jure Fari: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ingancinsa

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin makiyaya, masu turkar shanu da tumaki a gida, da ƙungiyoyin ƙauye da ke ƙoƙarin farfaɗo da faƙo da wuraren kiwo. Yawancinsu suna zuwa ne bayan an yi asara: an sayi iri buhu-buhu, an yafa, ruwa ya sauka, amma fili ya tashi fayau. An fi ba da ƙarfi kan gamba da kyasuwa, domin su ne aka fi samu a kasuwanninmu.

Wai ciyawa ma sai an shuka ta? Ba da kanta take fitowa ba?

Da kanta take fitowa idan akwai irinta kwance a ƙasa. Matsalar ita ce a wurare da yawa irin ya ƙare. Ciyawar da ke rayuwar damina ɗaya, irin su kyasuwa da burburwa da guɗe-guɗe, ba ta da wata hanyar dawowa baɗi sai ta ƙwayar da ta zubar bana. Idan dabbobi sun yi yawa a fili sun cinye ta tun kafin ta nuna, ko gobarar daji ta lashe ta da kaka, shekara biyu ko uku a jere sun isa su kwashe abin da ƙasa ta ajiye. Daga nan sai abin da dabba ba ta so ya mamaye wurin. Duk wanda ya ratsa wasu burtaloli a jihohin Maraɗi da Damagaram ko arewacin Katsina ya ga yadda garmani da tafasa suka cika wuraren da a da ciyawa ce. Irin wannan fili ko an killace shi ba ya komawa yadda yake da wuri sai an kawo masa iri daga wani wuri.

Waɗanne ciyayi ake nufi idan an ce masu jure fari?

Ta farko ita ce gamba, wadda masana ke kira Andropogon gayanus. Tana yin gindi ta zauna shekara da shekaru, saiwarta na nutsewa can ƙasa, tana iya jure rani na wata da watanni, kuma tana cikin na farkon yin toho idan an yi ruwan farko, lokacin da dabbobi suka fi jin yunwa. Kowa ya san ta da zana da jinka, amma ɗanyen ganyenta abinci ne mai kyau, sai dai idan ta yi kara amfaninta ga dabba yana raguwa ƙwarai. Ta biyu kyasuwa ce, Pennisetum pedicellatum, mai kai ja-ja mai laushi kamar auduga. Ita damina ɗaya take yi, tana tserewa fari ne da saurin girma, kuma tana yin busasshiyar ciyawa mai kyau idan an yanke ta kafin ta tsufa. Akwai kuma Cenchrus ciliaris, 'yar uwar ƙarangiya, wadda a kasuwar iri ake kira bafel. Ita ma mai gindi ce, tana rayuwa inda ruwan shekara bai wuce milimita 300 zuwa 750 ba, kuma gashinta ba ya suka irin na ƙarangiya.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne gambarmu ta yi suna a duniya. Wani nau'inta da aka ɗauka daga tashar bincike ta Shika kusa da Zariya an gwada shi a Kolambiya, aka fitar wa makiyaya da shi a 1980 da sunan Carimagua 1, a Burazil kuma da sunan Planaltina. Har yau da sunanta na Hausa ake kiranta a ƙasashe da dama. Abin da wasu suka ƙetare teku suka nema yana nan a bakin gonakinmu, kuma ina ganin bai kamata mu riƙa yi masa kallon ciyawar banza ba.

Ciyawar Rodes da ta Nafiya da ake yawan tallatawa suna da yabanya, amma sun fi son ruwa. A fadama ko wurin ban-ruwa suke biyan wahala, ba a kan tudun jigawa ba.

Me ake nufi da ingancin iri?

Abu huɗu ne suke haɗuwa. Akwai tsabta, wato nawa ne ainihin iri mai ƙwaya a cikin abin da aka auna maka, nawa ne ƙaiƙayi da kara da ƙasa. Akwai ƙarfin tsiro, wato cikin ƙwaya ɗari nawa ne za su fito. Akwai asali, wato ko ciyawar da aka ce maka ita ce, kuma daga wane yanki aka girbo ta. Sai lafiyarsa: ya bushe sosai, ba funfuna, ba ƙwari, ba irin muguwar ciyawa a ciki. Biyun farko su ne suke cinye kuɗin mutane, shi ya sa yawancin amsoshin da ke ƙasa a kansu suke.

Me ya sa buhu zai cika maƙil amma a ce ba iri a ciki?

Saboda irin ciyawa ba kamar gero ko dawa ba ne. Idan ka sayi tiyar gero, tsaba ce zalla kake gani da idonka. Irin gamba da kyasuwa kuwa a lulluɓe yake cikin kwanso da gashi, kuma kwanson da ba komai a cikinsa kamanninsa ɗaya da mai ƙwaya. A gamba ma akwai wani abu da ya ƙara dagula lamarin: furanninta bibbiyu suke fitowa, ɗaya manne da sanda, ɗaya a kan ɗan sili. Na mannen ne kaɗai ke ɗaukar ƙwaya, na kan silin ba ya haihuwa. Ke nan tun daga halitta wani babban kaso na abin da aka girbo fanko ne.

Su ma waɗanda ya kamata su ɗauki ƙwaya ba duka ke cika ba. Idan ruwa ya ɗauke da wuri lokacin da ciyawa ke fure, ko hunturu ya shigo da zafin bushewa, ƙwayar sai ta tsotse ko ta ƙi ƙulluwa sam. Idan mai girbi ya yi gaggawa ya yanke kafin ta nuna, ɗanya ya tara. Idan ya makara, masu nauyin sun riga sun zube ƙasa, iska ta bar masa marasa nauyi a kan kara. Don haka ba lallai ne mai sayarwa ya cuce ka da gangan ba. Sau da yawa shi ma bai san abin da ke cikin buhun ba, domin bai taɓa buɗe kwanso ɗaya ya duba ba.

To ina tsaye a kasuwa, yaya zan gane mai ƙwaya?

Tura hannu can tsakiyar buhu da ƙasansa, kada ka tsaya ga na baki. Ɗebo ɗan kaɗan, ka sa a tafin hannu, ka murza da ƙarfi da ɗaya tafin ko da babban yatsa har kwanson ya farfashe, sannan ka hura a hankali. Abin da ya rage a hannunka shi ne gaskiyar buhun. Ƙwayar gamba siririya ce, 'yar doguwa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ka danna ta da farce: mai kyau tana da tauri, idan ta karye cikinta fari ne kamar gari. Idan ka murza sau uku daga wurare uku na buhun ba ka ga komai ba sai ƙura da gashi, ka bar shi ko da kyauta ne, domin kuɗin mota da na ƙwadago za ka yi asara.

Wanda ke da haƙuri zai iya ware kwanso 50, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana latsawa da farce a kan faifai ko farar takarda, yana ƙirga masu tauri. Aikin minti goma sha biyar ne. Sannan ka sansana buhun. Warin ruma ko ɗumi a tsakiyarsa alama ce an ɗura shi da danshi, kuma an yi bayanin illar haka a amsar da ta shafi ajiya. Wannan dubawa ta kasuwa tana nuna maka akwai ƙwaya ne kawai, ba ta nuna ko tana da rai. Wannan sai gwajin tsiro.

Yaya ake gwajin tsiro a gida?

Ka samo yashi mai tsabta, ka wanke shi, ka zuba a tsohon faranti ko kasko mai huji a ƙasa. Ka ƙirga iri 100 daga cikin waɗanda ka tabbatar suna da ƙwaya, ka jera su layi goma, goma a kowane layi, ka barbaɗa yashi sama-sama yadda zai ɗan rufe su. Idan da hali ka yi faranti huɗu, don faranti ɗaya na iya yaudararka. Ka ajiye a inuwa mai haske inda kaji da ɓeraye da tururuwa ba za su kai ba, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Yashin ya kasance da danshi, kada ya yi caɓi.

Ka ƙirga waɗanda suka fito a kwana na 7, da na 14, da na 21, ka ƙara mako guda idan har suna ci gaba da fitowa. Duk wanda ka ƙirga ka cire shi don kada ka maimaita. Tsiro mai lafiya shi ne mai ganye da saiwa duka biyu. Kada ka sa ran abin da ka saba gani a masara, inda 90 cikin 100 ke fitowa. Ciyawar daji ba ta kai nan ba, kuma idan rabin masu ƙwayar suka tsira ka samu iri mai kyau. Ka yi gwajin wata guda kafin lokacin shuka, ba a watan da aka girbe ba. Dalilin yana cikin amsa ta gaba.

Na girbi iri da hannuna, sabo fil, na gwada bai fito ba. Ya mutu ne?

Mai yiwuwa barci yake yi. Ciyayin ƙasashe masu ƙarancin ruwa suna da wata dabara da Allah ya ba su: ƙwayar da ta zuba da kaka ba ta yarda ta tsira nan take, ko da an yi wani ruwa na bazata. Da za ta tsira a watan Nuwamba, rani zai kashe ta tun tana jaririya. Sai ta kwanta na wasu watanni, zafi da bushewa suna sassauta ta a hankali, har lokacin da damina ta gaskiya za ta zo. Kwanson da ke rufe da ita ma yana da hannu a wannan jinkiri. A bafel abin ya fi tsanani, domin tsironta yana ci gaba da ƙaruwa daga wata 6 har fiye da shekara bayan girbi, shi ya sa masu harkarta suka fi son irin da ya kwana biyu a ajiye.

Ga gamba da kyasuwa, tazarar da ke tsakanin girbin kaka da shukar damina takan wadatar. Wanda ya fi shiga matsala shi ne mai son shukawa da rani a wurin ban-ruwa da irin da aka girbe makonni kaɗan da suka wuce. A ɗakunan gwaji ana jiƙa irin da ruwan wani sinadari mai suna fotasiyam naitiret don tada shi, amma manomi ba ya buƙatar wannan. Haƙuri da ajiya mai kyau sun ishe shi.

Yaya zan bambance mai barci da matacce?

Bayan gwajin ya ƙare, ka tono waɗanda ba su fito ba ka latsa su. Wanda ya yi makonni uku a cikin danshi amma har yanzu yana da tauri, cikinsa fari, akwai alamar yana da rai. Wanda ya narke, ya yi baƙi, ko funfuna ta rufe shi, ya tafi. Idan masu taurin suna da yawa, ka sake gwadawa bayan wata biyu ka ga ko adadin ya ƙaru. Iri mai barci tsironsa hawa yake yi da lokaci, tsohon iri kuwa sauka yake yi. Ɗakunan gwajin iri suna da hanya mai sauri: suna jiƙa ƙwayar cikin ruwan tetarazoliyam, mai rai sai zuciyarta ta rine ja cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙungiyar da za ta sayi iri mai yawa da kuɗin jama'a ya kamata ta nemi a yi mata wannan.

Kilo nawa zan shuka a hekta guda?

Ba mai iya ba ka amsa ta gaskiya sai ya san tsabtar irinka da ƙarfin tsironsa. Lissafin da ake yi a duniya mai sauƙi ne: ka ninka kason tsabta da kason tsiro, ka raba da 100. Abin da ya fito shi ne kason iri mai rai a cikin buhun. A ɗauki misali: buhun da kashi 30 cikin 100 na nauyinsa iri ne mai ƙwaya, kuma 40 cikin 100 na waɗannan suka tsira. 30 sau 40 ya ba da 1,200, a raba da 100 ya zama 12. Ke nan a kowane kilo 100 da ka saya, kilo 12 ne kawai zai yi maka aiki. Idan kana buƙatar kilo 3 na iri mai rai a hektarka, sai ka yafa kilo 25 na wannan buhun.

Yanzu a ce ga wani buhun mai tsabta 60, tsiro 50. Shi yana da kashi 30 mai rai, kilo 10 ya ishe ka. Ko da kuɗinsa ya ninka na farkon sau biyu, shi ne mai araha, ga kuma sauƙin dako. Wannan lissafi ne ke bayyana abin da ke ruɗa mutane, inda wani malamin gona zai ce kilo kaɗan ya isa, wani ya ce sai gomman kilo. Dukansu suna iya yin daidai, na farko yana maganar irin da aka tace, na biyu yana maganar wanda aka kwaso daga daji da ƙaiƙayinsa. Ka kuma tuna mudu da tiya ba su da amfani a nan, domin abu mai gashi ana iya sassauta shi ya cika mudu, ana iya danna shi ya koma rabi. A kan sikeli ake cinikinsa.

Yaushe ya kamata a girbi iri, kuma ta yaya?

Gamba tana fure ne idan rana ta fara gajarta, a ƙarshen damina, irinta kuma yakan nuna daga wajen Nuwamba zuwa Disamba gwargwadon wuri. Kyasuwa takan riga ta. Wahalar ita ce kan ciyawa ba ya nuna gaba ɗaya: na sama yana zuba, na ƙasa yana ɗanye. Alamar da aka fi dogara da ita ita ce ka kama kan ciyawar ka ja shi a hankali cikin tafin hannu. Idan wasu suka biyo hannunka ba tare da ka tsige ba, kuma ka murza ka ga ƙwaya mai tauri, lokaci ya yi. Daga nan kwanaki kaɗan gare ka, musamman idan iskar hunturu ta fara kaɗawa.

Hanya ɗaya ita ce a bi ana kakkaɓe kawunan cikin kwando ko buhu duk bayan kwana biyu ko uku. Tana cin lokaci amma ita ke ba da iri mafi nuna. Ta biyu ita ce a yanke kawunan da lauje da sassafe, lokacin da raɓa ta riƙe su, a tara su a inuwa a kan tabarma ko tamfol na kwana uku zuwa huɗu, sannan a kakkaɓe. Ɗan gumin da suke yi a tarin yana sa su saki cikin sauƙi. Amma a riƙa tura hannu cikin tarin, idan ya yi zafi a baza shi nan da nan, domin zafin na dafa ƙwayar. Ba a sussukarsa a turmi kamar gero. Sharar abin da ya zuba a ƙasa ma ana yi, kuma yakan ƙunshi ƙwaya nunanna, sai dai yana zuwa da ƙasa da baƙin iri, kamar yadda aka yi bayani a tambayar gurɓata.

Yaya zan adana shi har damina?

Danshi da zafi su ne abokan gaba. Masana iri suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi: duk lokacin da danshin iri ya ragu da kashi 1 cikin 100, ko zafin ɗakin ajiya ya ragu da digiri 5, tsawon ransa yakan kusan ninkawa. Mu da ke girbi da hunturu mun yi sa'a, domin iskar kanta tana busar da shi. A baza shi siriri a inuwa mai iska na wasu kwanaki ana juyawa. Kada a shanya shi a kan kwano ko kwalta da tsakar rana.

Idan kana shakkar bushewarsa, ka sa ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba tare da cokalin gishiri busasshe, ka rufe, ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Wanda ya bushe sarai ne kawai ake rufewa a jarka, duro ko buhu mai leda a ciki irin na ajiyar wake. Wanda bai gama bushewa ba gara a bar shi a buhun algarara mai shan iska. A ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, saboda gara da danshin ƙasa. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ko soro ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba. Na taɓa buɗe buhunan gamba da suka yi bazara guda a wani shagon kwano da ba taga, a ido ba abin da ya same su, launinsu da ƙamshinsu lafiya lau, amma a faranti huɗu tsiron da ya fito bai cika tafin hannu ba.

Irin bara zai yi bana?

Ya danganta da inda ya yi damina. Irin gamba da ya sha laimar watan Agusta a buhu buɗe yakan yi rauni sosai. Wanda aka rufe a bushe zai iya kaiwa. Irin bafel ya fi na gamba daɗewa. Kada ka yi hasashe, ka gwada, ka gyara yawan kilon da lissafin da aka nuna a sama.

Gwaji ya nuna irin yana da kyau, amma a gona bai fito ba. Me ya faru?

Abu na farko da za a tambaya shi ne zurfi. Ƙwayar ciyawa ƙarama ce, guzurin da ke cikinta kaɗan ne, ba za ta iya huda ƙasa mai kauri ba. Santimita 1 ya isa, kada ya wuce 2. Wanda ya saba da sarar gero ya binne ta a rami ya taka da diddige, ya yi mata kabari. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya yafa ta a kan faƙo ya tafi, iska za ta kwashe, ruwan farko ya share sauran, tururuwa su yi jigilar abin da ya rage zuwa raminsu. Ka duba bakin gidan tururuwa kwana biyu bayan yafi, za ka ga tulin ƙaiƙayin irinka. Abin da ya fi shi ne a karce ƙasa, a gauraya irin da yashi mai ɗan danshi ko busasshen taki don ya rabu da juna ya yi nauyi, a yafa, sannan a ja reshen ƙaya a kai, ko a kora tumaki su tattaka.

Na biyu lokaci ne. Tsohuwar gamba ce ke jure fari, jaririyarta ba ta jurewa. Idan ta tsira da ruwan farko aka yi kwana goma ba ruwa, shi ke nan. Don haka binne, wanda ake yi wa gero, kasada ce babba a nan. A jira damina ta zauna, amma kada a kai tsakiyar marka, don ta samu makonnin da za ta kafa saiwa. A kan faƙo kuwa sai an tare mata ruwa. Ramukan rabin wata da tassa da aka daɗe ana yi a jihar Tawa da sauran sassan Nijar an yi su ne don haka: ruwa ya tsaya, ƙasa mai laushi ta taru, irin ya samu wurin kamawa.

Na uku dabbobi. Fili sabon shuka da aka bar wa awaki a daminar farko ba zai yi gindi ba, suna tuge shi har saiwa. Kafin a zargi mai sayar da iri, a tabbatar an samu yarjejeniya da masu kiwon da ke kewaye.

Wane irin gurɓata ya kamata in ji tsoro?

Ƙasa da kara asarar kuɗi ce kawai. Abin tsoro shi ne baƙin iri. Idan an sharo irin daga filin da garmani ya kama, ka sayo wa kanka abin da kake gudu. Idan daga gefen gonar dawa ko gero mai ƙuduji aka sharo shi, ƙwayar ƙuduji kamar ƙura take, ba ka ganinta, kuma tana iya yin shekaru a ƙasa tana jira. Ka baza ɗan samfuri a farar takarda ka duba da kyau, duk ƙwayar da ba ka gane ba ka tambaya. A gwajin faranti ma, idan ka ga tsiro mai faɗin ganye a cikin masu siririn ganye, ka san akwai baƙo.

Irin da aka shigo da shi daga waje ya fi na gida?

A tsabta sau da yawa ya fi, domin an tace shi da inji kuma yana zuwa da takardar gwaji. Amma tsabta ba ita ce dacewa ba. Gamba kanta nau'i-nau'i ce, kuma wadda ta saba da doguwar damina ta kudancin Kaduna idan aka kai ta arewacin Sakkwato ruwa zai iya ɗaukewa kafin ta yi iri. A ra'ayina, ga mai gyaran wurin kiwo na tudu, irin da aka girbe a yankin da ruwansa da ƙasarsa suka yi kama da naka shi ne zaɓi na farko, in dai ya ci gwaji. Irin waje kuma ka dubi ranar da aka gwada shi, don takardar ba ta san zafin da ya sha a tashar jirgin ruwa da bayan mota ba.

Akwai kuma darasi daga wasu ƙasashe. Gambar da aka kai arewacin Ostareliya don kiwo ta fantsama cikin daji, tana haddasa gobara mai tsanani, har hukuma ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. Bafel ta yi irin wannan a tsakiyar Ostareliya da jihar Arizona ta Amurka. Duk ciyawar da ba a san ta a yankinku ba a fara gwada ta a ƙaramin fili. Masu dawaki kuma su sani, bafel tana da wani sinadari da ke hana jikin doki amfana da sinadarin ƙashi idan ita kaɗai yake ci na dogon lokaci, har fuskarsa ta kumbura. Shanu da tumaki ba su cika samun wannan matsala ba.

A ina zan nemi iri ko shawara, kuma me zan tambayi mai sayarwa?

A Najeriya cibiyar da ta fi daɗewa a wannan fanni ita ce cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma hukumar da doka ta ɗora wa kula da ingancin iri ita ce NASC. A Nijar akwai cibiyar binciken noma ta INRAN da ma'aikatan kiwo da na gandun daji a jihohi. Sai dai gaskiyar magana, mafi yawan irin gamba da kyasuwa da ke yawo daga hannun mata da matasan ƙauye yake fitowa, ba takarda, ba lakabi. Wannan ba aibu ba ne, amma yana nufin kai ne ɗakin gwajin kanka.

Ka tambayi wace shekara aka girbe shi, a wane gari, an kakkaɓo shi ne daga kai ko an sharo daga ƙasa, kuma a wane irin ɗaki ya kwana. Ka nemi a ba ka ɗan samfuri daga buhunan da za ka ɗauka, ka gwada, sannan a yi ciniki. Mai kaya mai kyau ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Idan ban samu iri mai kyau ba, akwai wata hanya?

Ga gamba akwai: dashe. A tono tsohon gindi idan damina ta zauna, a datse ganyen ya rage kamar taƙi guda, a tsattsaga shi gida-gida kowanne da saiwarsa, a dasa a ranar a ƙasa mai danshi. Ya fi yafi wahala kuma ba zai yiwu a fili mai faɗi ba, amma ya fi tabbas, kuma ya dace da iyakar gona, bakin kwazazzabo da kan kunyar rabin wata. Kada a tuge gindin gaba ɗaya daga daji, a bar rabi ya farfaɗo. Kyasuwa ba ta da wannan hanya tunda damina ɗaya take yi.

Ina so in riƙa noman irin don sayarwa. Daga ina zan fara?

Ka fara da ƙaramin fili mai shinge, ka shuka ko ka dasa a layi da tazara mai faɗi yadda za ka iya shiga ka yi noma ka yi girbi. Filin iri daban yake da filin kiwo: yana son taki, yana son a cire duk wata baƙuwar ciyawa kafin ta yi fure, kuma yana son a share masa hanyar wuta a kewaye tun kafin kaka. Gamba idan an bar ta tana wuce tsayin mutum nesa, girbinta ya yi wuya, iska ta kwantar da ita. Shi ya sa masu noman irinta suke yanke ta sau ɗaya a tsakiyar damina su ba dabbobi, don sabon tohon ya taso daidai wa daida ya yi kai a lokaci guda. Kada a makara da wannan yanka, in ba haka ba ba za ta samu lokacin yin kai ba. A shekarar farko kada ka sa rai da yawa, daga ta biyu gindin ke ba da iri sosai.

Bayan girbi ka tace da rariya ka cire kara da ƙasa, ka bakace a hankali a wurin da ba iska mai ƙarfi, ka yi gwajin faranti da bazara. A jikin kowane buhu ka rubuta sunan ciyawar, garin da aka girbe ta, wata da shekara, nauyinsa, da adadin da ya tsira cikin 100 tare da ranar da ka gwada. Ka ajiye ɗan samfuri daga kowane kashi a kwalba, don idan mai saye ya dawo da ƙorafi ku sake gwadawa tare a gabansa. Karan da ya rage bayan an kakkaɓe irin kuma masu saƙar zana suna saye.